Ɗana yana da disleksiya, in waya tana karanta masa ba zai sangarce ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗana shekararsa 11, in ana masa bayani da baki nan take yake ɗauka har ya ƙara da nasa, amma da an miƙa masa littafi sai ya yi ta kame-kame, rubutunsa kuma shi kansa ba ya iya karantawa. An gwada shi an ce disleksiya ce. Malamarsa ta ce mu dinga sa waya tana karanta masa, babansa kuma ya ce sam, sangarta shi za a yi ya ƙare bai iya karatun ba. Ni dai na rasa wa zan bi, dan Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Malamar tasa tana da gaskiya, shi ma babansa tsoron da yake ji ba na banza ba ne, kawai abu biyu ne suka cakuɗe muku. Akwai koyon karatun kansa, wato yaro ya ga harafi ya san sautinsa ya haɗa ya fitar da kalma. Sannan akwai ilimin da ke cikin littafin, kimiyya ne ko tarihi ko tambayar lissafin da aka rubuta da dogon zance. A ƙananan azuzuwa na farkon ake koyarwa, amma a shekarun ɗanki an riga an ɗauka kowa ya iya, komai ta karatu ake samunsa, to sai ki ga yaro ya faɗi kimiyya ba dan bai gane kimiyyar ba sai dan kafin ya gama kokawa da layin farko ya manta me ma aka tambaya. Wayar wannan na biyun take gyarawa. Na farkon kuma ba ta gyara shi, sai an zauna an koya masa.

Ita disleksiya ba ciwon ido ba ce kuma ba daƙiƙanci ba ne, yawanci matsalar tana wajen yanda ƙwaƙwalwa ke rarrabe sautukan da ke cikin kalma ta haɗa su da haruffa, kuma tana bin dangi sosai, in kika bincika ba mamaki ki samu wani a gidanku ko gidan babansa da ya sha irin wannan wahalar. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya yi rubutu kan wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya kasa karatu, har malaminsa yana cewa da da baki ake komai da ya fi kowa a makarantar. Kinga kenan ba yau aka fara ba.

Toh abin da zan ce ki fara da shi bai wuce wanda ke cikin wayarki ba. In Android ce ki shiga saiti, wajen Accessibility, ki kunna Select to Speak, in iPhone ce kuma Speak Selection, sai ya zaɓi rubutu ta karanta masa. Littafin takarda kuma a ɗauke shi hoto da Google Lens, zai ciro rubutun ya karanta, sai dai a samu haske kuma shafin ya miƙe, in ba haka ba sai ki ji tana karanto shirme. Wannan dabarar ta ɗaukar shafi a mayar da shi murya ma tsohuwa ce, tun 1976 Ray Kurzweil ya fito da na'urar da ke yi wa makafi haka, ƙatuwa guda, yau ga ta a aljihun kowa.

In akwai kwamfuta, ni wanda na fi so shi ne Immersive Reader na Microsoft, yana cikin Word da OneNote. Dalilina, ba karantawa kawai yake ba, yana haska kalmar da ake faɗa a daidai lokacin da ake faɗarta, za ki iya sa ya nuna layi ɗaya ko uku kawai ya rufe sauran, ya ƙara tazara tsakanin haruffa, ya kuma raba kalma gaɓa-gaɓa. Ki dage kan wannan, idonsa na kan rubutun kunnensa na kan muryar, ba wai ya kwanta ya rufe ido waya na ta zuba ba. Ki rage gudun muryar da farko, shi da kansa zai ce a ƙara in ya saba. A samo masa abin sawa a kunne kuma, yara a wannan shekarun kunya ce ke hana su amfani da abin in kowa na ji.

Ɓangaren rubutu kuma ya ɗan fi rikici, dan wani matsalarsa haɗa haruffan kalma ne, wani kuma hannun ne ke ba shi wahala, wanda ake kira disgirafiya, kuma sau da yawa suna zuwa tare. Akwai rubutu da murya, alamar makirfon ɗin nan da ke kan kibod ɗin waya, ko Voice typing a Google Docs, yana magana tana rubutawa. Amma kar ki zaci ranar farko zai tafi daidai, sai ya koyi shirya jimlarsa a ka kafin ya buɗe baki, ga hayaniya tana rikita ta, ga shi ingancinta ya bambanta daga harshe zuwa harshe, Turanci ya fi samun gata nesa ba kusa ba. In ya gama sai ya sa ta karanta masa abin da aka rubuta, kuskuren da idonsa zai tsallake kunnensa zai kama. Ya koyi buga kibod da yatsu duka ma, wannan zai yi masa amfani har jami'a, sannan kalmomin da waya ke hasasowa a sama in an fara bugawa kar a kashe masa su.

Inda na tsaya tare da babansa shi ne irin su ChatGPT, manhajojin nan da ake yi wa tambaya su rubuto amsa da kansu. In yaro ya faɗi tunaninsa na'ura ta rubuta, aikinsa ne. In kuwa ya ba ta tambayar ta yi tunanin ta rubuta ya kwafa, nan kam sangarcin ne na gaske, ku sa ido.

Akwai kuma abubuwan da za a tallata miki da ba sai kin wahalar da kanki ba. Salon haruffa na musamman irin su OpenDyslexic, gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna yana ƙara saurin karatu ko rage kuskure ba, in yaro yana sonsa ya yi amfani da shi, shikenan. Haka gilashi mai kala da ledar kala da ake ɗorawa kan shafi, tun 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido a Amurka suka fitar da matsaya cewa babu hujjar da ta nuna suna maganin disleksiya. Ƙara tazarar haruffa dai an ga amfaninsa a wani bincike na 2012 kan yaran Italiya da Faransa, kuma wannan kyauta ne, a saiti ake yi.

Yanda za ku tsara shi a gida, ku ware lokaci kullum ko da minti 15 zuwa 20 ne wanda babu waya, shi da mai koya masa, ana bin sauti da harafi daki-daki daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yana gani yana faɗa yana rubutawa, irin tsarin da ake kira Orton-Gillingham da makamantansa, littafin kuma ya zama daidai ƙarfinsa ko da na ƙananan aji ne, kar a yi masa gori a kai. Wannan aikin ma babansa zai iya riƙewa tunda shi abin ya fi damu. Sauran darussa da aikin gida kuma a bar shi ya yi amfani da na'ura ya bi 'yan ajinsu. Kar ki jibga masa manhaja biyar lokaci guda, ɗaya ta karatu tukuna, in ta zauna sai a ƙara ta rubutu, kuma ki tambaye shi wacce ta fi masa, dan wadda ba ya so ko kin tilasta ajiyewa zai yi.

Sai maganar jarrabawa, ki je makarantar tun yanzu da takardar gwajin da aka yi masa ki tambayi me dokarsu da ta hukumar jarrabawa ta yarda da shi, ƙarin lokaci ne, ko mai karanta masa tambaya, ko rubutu da kwamfuta. Wurare da yawa sai an nemi izini tun da wuri, wasu ma sai an nuna cewa da haka yaron ya saba aiki a aji, dan haka ki roƙi malamar ta dinga rubuta abin da yake amfani da shi da ranar da ya fara.