Tambaya da Amsa: Gyaran hitar gas ta ɗakin 'yan tsaki kafin hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kaji a Tumfure, nan Gombe, kuma da hitar gas guda huɗu nake ɗumama 'yan tsaki. Bara da hunturu wutar biyu daga cikinsu ta koma rawaya, murafensu suka yi baƙi ƙirin, yaron da ke kwana wurin kajin kuma kullum da ciwon kai yake tashi, alhali mun rufe ɗakin ruf da leda don kada sanyi ya shiga. Tun watan Maris suke ajiye a sito. Me ya kamata in yi kafin in sake kunna su? Daga wata mai kiwo, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Da ciwon kan yaron nan zan fara, domin shi ya fi tayar mini da hankali. Gas idan ya samu isasshiyar iska, wutarsa shuɗiya ce, ba ta rawa, ba ta barin baƙi. Idan iskar ta yi masa kaɗan sai ya ƙone rabi da rabi, wutar ta koma rawaya, ta riƙa fitar da guba mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jinin mutum yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sama da sau 200. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamunta na farko, mai barci kuwa tana iya wucewa da shi bai farka ba. Saboda haka ina roƙonki kada yaron ya ƙara kwana cikin ɗakin, kuma a rataya na'urar da ke yin ƙara idan gubar ta taru. Duk wanda ya ji waɗannan alamu a fitar da shi fili nan take, a wuce da shi asibiti.

Rufe ɗakin ruf ya ƙara dagula lamarin. Na san tausayin 'yan tsakin ne ya sa, tunda a makon farko suna bukatar zafin digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar digiri 3 kowane mako. Amma wutar da kajin iska ɗaya suke rabawa, kuma kowane kilo ɗaya na gas da ya ƙone yana sakin tururin ruwa kusan kilo ɗaya da rabi. Shi ya sa za ki ga leda tana naso da asuba, buntun shinkafar da aka shimfiɗa ya jiƙe, zarnin kashin kaji ya riƙa yaji a ido. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka a toshe wannan ɓangaren da kyau, a bar kafa ta sama a ɓangaren kudu ko yamma, dare da rana.

Gyaran kansa a watan Oktoba ya kamata a yi shi, kafin hazo ya sauka a Nuwamba, lokacin da masu gyara ba su cika cunkoso ba. A samo wanda ya san aikin gas, ki tsaya a kansa. Zai kwance kan hitar ya leƙa bututun da gas da iska suke gauraya a ciki, domin hitar da ta yi damina a sito da wuya a rasa yanar gizo ko ginin zanzaro a nan, kuma ɗan curin laka kamar ƙwayar gyaɗa ya isa ya mayar da wuta rawaya. Zai wanke matatar iskar ya shanya ta, ya hure ƙaramin ramin da gas ke fitowa da iska mai ƙarfi. Kada ki yarda a zura allura ko waya cikin ramin nan, domin da zarar ya ƙara faɗi, gas zai rinjayi iska, hitar kuma ba za ta ƙara ci daidai ba sai an sauya shi.

Akwai ɗan siririn ƙarfe kusa da harshen wutar wanda aikinsa ya datse gas idan wuta ta mutu. A gwada shi a gabanki: a kunna, a kashe wutar, a saurari tsayawar gas. Wasu sukan ɗaure maɓallinsa da waya idan ya lalace, wannan kuwa ganganci ne da rai, tunda gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya inda 'yan tsakin suke. Tiyo a lanƙwasa shi a duba tsagewa da cizon ɓera, wanda ya kai shekara 5 a sauya shi ko da yana da kyan gani. Kowace mahaɗa a shafa mata ruwan sabulu, inda ya riƙa tayar da kumfa nan ne yoyo, ba a neman yoyo da ashana. Idan akwai fankar da ke zuƙe iska, a goge fukafukanta, a ɗaure bel ɗinta. Bayan an fara aiki kuma, a riƙa kakkaɓe matatar aƙalla sau ɗaya a mako har hazo ya ɗauke.

Tambaya: Gidan burodi gare ni a Bauchi. Da asubar hunturu tukunyar gas takan yi raɓa har da ƙanƙara, wutar tanda ta yi sanyi, sai yara su zuba mata ruwan zafi. Akwai illa?

Amsa: Akwai, Alhaji, a hana su daga yau. Gas ɗin cikin tukunya ruwa-ruwa ne, sai ya jawo ɗumi daga jikin ƙarfen kafin ya zama iska, kuma tandarka tana ja fiye da abin da tukunya ɗaya za ta iya bayarwa cikin sanyi. Ruwan zafi ko matsar da ita kusa da wuta yana ɗaga matsin da ke ciki farat ɗaya. Ka sa ƙwararre ya haɗa maka tukwane biyu ko uku a layi ɗaya su raba nauyin, a girke su a tsaye, a wajen ɗakin gashi, cikin inuwa inda iska ke ratsawa.