Tambayi Likita: Wainar Cukun Indiya da Kayan Lambu, Wa Zai Ci, Wa Zai Yi Hattara?

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan abu guda, wato wainar nan ta Indiyawa da suke kira panir tikki. Panir cuku ne ɗanye da ake yi a gida, a marmashe shi, a haɗa da dafaffen dankalin Turawa da kayan lambu da kayan ƙamshi, a mulmula a baje, sannan a gasa a kasko. Babu nama a ciki, yawanci ma babu ƙwai. Na zaɓi guda shida daga cikin wasiƙun.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Yarana huɗu ne, kullum suka dawo daga Islamiyya sai biskit da cincin. Na ga ana yin wannan waina a bidiyo, ina so in gwada. Tana da amfani kuwa, ko ita ma maƙulashe ce kawai? Kuma ina zan samu cukun? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, ta fi biskit da cincin nesa ba kusa ba, in dai an yi ta yadda ya kamata. Cukun kuwa ba sai kin je kanti ba. Ki ɗora madarar shanu lita 1 a wuta har ta tafaso, ki rage wutar, sai ki riƙa ɗiga ruwan lemon tsami kaɗan-kaɗan, kamar cokali 2 zuwa 3, kina juyawa a hankali. Za ki ga ta tsinke, farin ya dunƙule ya taso, ruwan ya koma tsararo mai ɗan kore-kore. Duk wadda ta taɓa yin awara ta san wannan lokacin. Da zarar ruwan ya washe ki daina ƙara tsami, don in ya yi yawa cukun zai yi tauri. Ki juye a farin ƙyalle mai tsabta, ki ɗauraye da ruwan sha don tsamin ya fita, ki matse, ki danne da tukunya mai ruwa na rabin awa. Lita 1 takan ba da giram 150 zuwa 200.

Wannan cukun ba ya narkewa a wuta, shi ya sa yake zama a cikin waina. Ki marmashe shi da hannu, ki sa dafaffen dankali guda ɗaya madaidaici, gurzajjen karas, fis da aka dafa aka murƙushe, albasa, citta, ɗan kurkum da ɗan masoro. In kika sa alayyafo da yawa har wainar ta koma koriya, kin kusa da wadda suke kira hara bara kabab. Amma ki tafasa ganyen sama-sama ki matse shi sosai a tafin hannu kafin ki yanka. Ruwan ganye shi ne yake sa wainar ta wargaje a kasko, uwargida kuma sai ta yi ta ƙara fulawa don ta kama, daga nan an fita daga abincin gina jiki an koma ƙulli. Indiyawa suna ɗaure ta da garin wani wake nasu mai suna besan. Garin wakenmu cokali biyu, a ɗan soya shi a busasshen kasko, yana yin aikin.

Amfanin yana cikin cukun. Giram 100 yana ɗauke da sinadarin gina jiki kimanin giram 18 zuwa 20, ga kalsiyam na ƙashi da haƙori, ga bitamin B12 da ba a samu a tsirrai. Sai dai kitsensa ma ya kai giram 20 ko fiye. Saboda haka kar ki tsoma ta cikin mai. Ki shafa mai cokali ɗaya a kasko mai faɗi, ki gasa kowane gefe minti 3 zuwa 4 har ya yi ja. Biyu ko uku sun ishi yaro ɗan makaranta, don kar tuwon dare ya kwana a kwano.

Tambaya: Likita, ina da ciwon suga da hawan jini shekara da shekaru. Iyalina ta fara yi mana wannan waina, ta ce tun da babu nama zan iya cin iya cikina. Haka ne? Daga wani magidanci a Katsina.

Amsa: Alhaji, ka gaishe min da Hajiya, niyyarta mai kyau ce, amma a nan ba ta yi daidai ba. Rashin nama a abinci ba ya nufin babu sitaci, babu kitse, babu gishiri. Indiya ta fi kowace ƙasa yawan mutanen da ba sa cin nama, duk da haka wani babban bincike na hukumar binciken lafiya ta ƙasar da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta masu ciwon suga a can sun kai miliyan 101.

Cukun kansa ba shi ne matsalarka ba ta fuskar suga, domin sitaci da sukarin da ke cikinsa kaɗan ne. Matsalar ita ce dankali, musamman wanda aka dafa aka dame, saboda yana saurin ɗaga suga a jini. Sai garin biredin da ake birgima wainar a ciki. Sai kuma miyar tsamiya da Indiyawa ke dangwala da ita, wadda ake dafawa da sukari ko mazarƙwaila, da tumatirin kwalba mai zaƙi da yara ke so. Ka ce wa Hajiya wainarka ta daban ce: a rage dankalin zuwa rabi ko ƙasa da haka, a cike gurbin da kabeji, alayyafo, koren wake ko zogale, a bar garin biredi. Abin dangwale kuma a niƙa na'a-na'a da ɗanyen attaruhu da lemon tsami da kindirmo marar sukari.

Ta fuskar hawan jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma a nan har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Akwai wani haɗin yaji na Indiya mai suna cat masala da ake barbaɗawa a kan tikki; yana ɗauke da baƙin gishirinsu, kuma baƙin gishiri gishiri ne. Na ga masu tallansa a intanet suna cewa ya fi namu lafiya ga mai hawan jini. Kar ka biye musu.

In kana da na'urar awon suga a gida, ka ci guda biyu, ka auna bayan awa 2, ka rubuta. Abin da na'urarka ta nuna ya fi duk wani lissafi da zan yi maka daga nesa. Idan kuma an taɓa gaya maka ƙodarka ta fara taɓuwa, kar ka mayar da cuku abincin kullum sai ka yi magana da likitanka, don yana da sinadarin fosfaras da yawa.

Tambaya: Likita, ina da ciki wata biyar. Madarar da muke samu daga ruga ake kawo mana. Zan iya yin cukun da ita? Kuma yaya batun cukunmu na nan gida? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Allah ya raba lafiya. Za ki iya, kuma madarar ruga ta ma fi ba da cuku mai kyau. Sharaɗin shi ne ta tafasa sosai, ba ɗumamawa ba. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayar cutar burusela mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, da tarin fuka na shanu, da kuma listeriya, wadda ita ce muka fi jin tsoro ga mai juna biyu. Uwa tana iya jin ɗan zazzaɓi kawai, amma cutar ta kai ga ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Tafasa tana kashe dukkansu, kuma kyawun panir ke nan, ba ya yiwuwa sai madara ta yi zafi.

Inda ake samun matsala shi ne bayan an sauke. Ƙyallen tata da aka rataye a tsakar gida, ruwan randa da aka ɗauraye cukun da shi, hannun da ya gama yanka nama. Ki tafasa ƙyallen kafin ki yi amfani da shi, ki ɗauraye da ruwan da aka dafa ya huce, kuma ki ci wainar da zafinta, ba cukun ɗanye ba. Listeriya tana iya hayayyafa ko a cikin firji, don haka kwana a sanyi ba ya wanke ta.

Busasshen cukunku na Nijar kuwa, sau da yawa da ɗanyar madara ake yinsa a shanya a rana. In ba ki san yadda aka yi shi ba, ki gasa shi har zafi ya ratsa shi, ko ki haƙura sai kin sauka. Kuma kar ganin ganye a waina ya sa ki ajiye ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki a wurin awo. Sinadarin ƙarfen da ke cikin alayyafo jiki ba ya zuƙarsa da yawa, kalsiyam ɗin cuku ma yana ƙara rage shi. Ki raba lokacin shan ƙwayar da lokacin cin cuku ko shan shayi da kamar awa 2.

Tambaya: Ɗana wata takwas, yana miƙa hannu in yayyensa na ci. In ba shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Ki ba shi, amma ki cire nasa kafin ki sa gishiri, magi da yaji. Madarar shanu a matsayin abin sha sai ya cika shekara 1, amma ɗan cuku a cikin abinci babu laifi daga wata 6. Ki murƙushe fis ɗin sarai, ki ɓare masa tsakiyar mai laushi, ki zaunar da shi a miƙe kina kallonsa. Ranar farko ɗan kaɗan, kuma da safe, don ki samu yini guda kina lura. In kika ga ƙuraje sun feso, leɓe ko ido ya kumbura, amai a jere, ko numfashi yana fita da ƙara, ki nufi asibiti nan take. Shan nonon uwa kuma ya ci gaba har shekara 2.

Tambaya: Likita, na yi karatu a Indiya, na saba da wannan abinci. Amma ko a can in na sha madara sai cikina ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har gudawa. Abin mamaki panir bai cika damuna ba. Me ya sa? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa: Malam, bayaninka ya yi kama da na wanda hanjinsa ya rage samar da sinadarin da ke narkar da sukarin madara mai suna laktos. Ba cuta ba ce, haka akasarin manyan mutane suke a duniya; Fulani makiyaya suna cikin al'ummomin da da yawansu ke ci gaba da narkar da shi har tsufa. Lokacin da madara ta tsinke, mafi yawan wannan sukari yana bin ruwan da ake tacewa, shi ya sa cukun ya zo maka da sauƙi. Amma bai fita duka ba, in ka cika ciki za ka ji a jikinka.

In kana son kwanciyar hankali, ka yi wainar da awara. Ɗanyar awara da ba a soya ba tana marmashewa yadda panir ke yi, ba ta da laktos ko kaɗan, kitsenta ya fi sauƙi ga zuciya, kuma ta fi araha. Ɗanɗanon ba zai zama ɗaya ba, ba zan ruɗe ka ba, amma citta da kayan ƙamshi suna rufe da yawa. Abu ɗaya: in gudawar tana zuwa ko ba ka taɓa madara ba, ko kana ganin jini, ko kana ramewa, to wannan ba batun laktos ba ne, ka je a duba ka.

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciya ce, ina so in yi da yawa ranar Lahadi in riƙa sa wa yara a kwanon makaranta. Wutar unguwarmu ba ta tsayawa. Kuma da madarar gari nake yi. Daga wata malamar makaranta a Gusau.

Amsa: Malama, wannan shirin zan ɗan ɓata miki shi. Cuku ɗanye da damammen dankali abinci ne mai danshi, ga shi an cuɗa da hannu, irin wanda ƙwayoyin cuta suka fi so. Ƙa'idar da muke bi ita ce kada irinsa ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1. Ki lissafa daga ƙarfe bakwai na safe zuwa lokacin tara a watan Afrilu a Gusau. Wasu ƙwayoyin, irin wanda ke zama a fatar hannu da hanci, suna barin guba a abinci wadda sake ɗumamawa ba ta kashewa, kuma abincin ba lallai ya canza wari ba. Yaro zai fara amai cikin 'yan awanni.

A firjin da ke da sanyi ba yankewa, cukun yana kwana 2 zuwa 3. In firjinki yana hucewa duk yini, kar ki dogara da shi. Abin da ya fi miki shi ne ki mayar da ita abin taɓawar yamma: ki tsinka madarar da kin dawo, ki gasa, a cinye a tashi. In kuma kina da firiza mai riƙe ƙanƙara, ki jera wainar ɗanya a faranti ta daskare, ki riƙa ɗibar ta ranar kina gasawa har zafi ya kai tsakiya. Wadda ta narke saboda an ɗauke wuta kar ki mayar da ita. Kwanon makaranta ki sa musu gyaɗa, dabino, lemo ko ayaba.

Madarar gari tana yin cuku, sai dai ki juya bayan ledar ki karanta. Yawancin masu arahar da ke kasuwanninmu an cire musu man shanun an zuba man tsirrai, galibi na kwakwar manja, wasu ma har da ƙarin sukari. Cukunsu yakan fito kaɗan kuma ya yi ta rugujewa. Ki nemi wadda aka rubuta cikakkiyar madara ce, ki dama ta da kauri fiye da ta shayi, ki tafasa, sannan ki sa tsamin.