Rae Bareli: Kujerar Gidan Gandhi Ce, Ko Ta Manoma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji a labarai cewa Rahul Gandhi ne ke wakiltar Rae Bareli a majalisar Indiya, mazaɓar da mahaifiyarsa da kakanninsa biyu suka wakilta kafin shi. Shin mutanen ƙauyukan nan zaɓe suke yi kuwa, ko kujerar ta zama gadon gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ban yarda a kira ta gado ba, domin waɗannan manoman ne suka taɓa kayar da firaminista mai ci a akwatin zaɓe.

Rae Bareli tana jihar Uttar Pradesh, kudu maso gabas da Lucknow, babban birnin jihar, kuma yawancin jama'arta manoman alkama da shinkafa ne. Feroze Gandhi, kakan Rahul, mijin Indira Gandhi kuma surukin Nehru firaministan Indiya na farko, shi ya fara cin ta a 1952, ya maimaita a 1957. Ba shi da dangantakar jini da Mahatma Gandhi, suna ne kawai ya zo ɗaya. Mutum ne mai tsage gaskiya a majalisa, har badaƙalar kuɗin kamfanin inshorar gwamnati da ya tona ta ci kujerar ministan kuɗi na jam'iyyarsu ta Congress a 1958. Ya rasu a 1960. Indira ta tsaya a mazaɓar a 1967, tana firaminista, ta ci.

A zaɓen 1971 ne labarin ya ɗauki zafi. Indira ta yi yaƙin neman zaɓe da alƙawarin kawar da talauci, ta kayar da Raj Narain, ɗan gurguzu mai taurin kai, da ratar ƙuri'u sama da dubu 100. Raj Narain bai haƙura ba, ya garzaya Babbar Kotun Allahabad. Shekara huɗu ana shari'a, har Indira da kanta ta shiga kotu ta ba da shaida. Ranar 12 ga Yuni 1975 Mai Shari'a Jagmohanlal Sinha ya soke zaɓenta, ya hana ta riƙe muƙamin zaɓe na shekara shida. Laifukan da aka kama ta da su za su ba ka mamaki saboda ƙanƙantarsu: wani ma'aikacin gwamnati, Yashpal Kapoor, ya fara yi mata aikin zaɓe tun ajiye aikinsa bai tabbata ba, sannan jami'an jiha sun kafa mata dandamalin taro, sun ja wutar lasifika. A ganina alƙalin ya yi daidai. Doka ta hana ɗan takara amfani da ma'aikatan gwamnati, kuma ba ta ware firaminista ba.

Kwana goma sha uku bayan hukuncin, ranar 25 ga Yuni, aka kafa dokar ta-ɓaci a faɗin ƙasar. Aka kulle 'yan adawa, ciki har da Raj Narain, aka sa wa jaridu takunkumi, majalisa ta gyara dokar zaɓe ta mayar da gyaran baya, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar wa Indira kujerarta a watan Nuwamba.

Takunkumin jarida bai cika damun mutumin ƙauye ba. Abin da ya shigo masa har gida shi ne shirin yi wa maza tiyatar hana haihuwa, wanda Sanjay ɗan Indira ya matsa a kai. An ɗora wa malaman makaranta da ƙananan ma'aikata adadin mazan da za su kawo asibiti, wanda bai cika ba a riƙe masa albashi. A ƙauyukan arewacin Indiya, magidanta kan gudu su kwana a gona idan aka hangi motar gwamnati. Miliyoyin mutane aka yi wa wannan aiki, da yawansu ba da son ransu ba. Wannan zalunci ne, kuma jama'a sun riƙe shi a zuci.

Da aka buɗe akwatuna a watan Maris 1977, Raj Narain ya kayar da Indira da ƙuri'u kusan dubu 55. Sanjay ma ya faɗi a Amethi, mazaɓar da ke maƙwabtaka da su. Cikin kujeru 85 na Uttar Pradesh, Congress ba ta tsira da ko ɗaya ba. Ka lura, Indira ta riga ta kawo wa garin masana'antar kayan tarho ta gwamnati, amma aikin bai wanke ta ba.

Fushin bai daɗe ba. Gwamnatin jam'iyyar Janata, da ta karɓi mulki a 1977, ta wargaje da rikicin cikin gida, a 1980 suka sake zaɓen Indira. Ita kuwa ta ci kujera biyu, ta riƙe Medak ta kudu, ta bar Rae Bareli ga ɗan'uwanta Arun Nehru. A 1996 da 1998 kuma jam'iyyar BJP ce ta ci mazaɓar, da ɗan takararta Ashok Singh.

Sonia Gandhi, mahaifiyar Rahul, ta karɓe ta a 2004, ta riƙe shekara ashirin. A zamaninta aka gina masana'antar taragon jirgin ƙasa a Lalganj, aka kuma kafa babban asibitin koyarwa na tarayya. A 2019 Rae Bareli ce kaɗai kujerar Congress cikin 80 na jihar, a daidai lokacin da Smriti Irani ta BJP ta kayar da Rahul a Amethi. Duk da haka, a zaɓen majalisar jiha na 2022 Congress ba ta ci ko ɗaya daga cikin ƙananan mazaɓu biyar da ke ƙarƙashin Rae Bareli ba. Jam'iyyar Samajwadi ta kwashe huɗu, BJP ta ɗauki ɗaya. Mutum guda yakan ba gidan Gandhi ƙuri'arsa ta zuwa Delhi, ya hana jam'iyyarsu ta zuwa Lucknow, domin ya san wanda zai iya kawo masana'anta daban, wanda zai tsaya masa a ofishin 'yan sanda ko rigimar gona daban.

Ratar da Rahul ya samu a 2024, ƙuri'u kusan dubu 390, tana da alaƙa da wannan lissafin. Congress ta ƙulla ƙawance da Samajwadi ta Akhilesh Yadav, masu ƙarfi a ƙauyukan suka yi masa aiki. Shi ma kujera biyu ya ci, amma ya riƙe Rae Bareli, ya bar Wayanad ta jihar Kerala, inda ƙanwarsa Priyanka ta ci zaɓen cike gurbi a ƙarshen shekarar.