Tambaya da Amsa: Wa ya fara lissafin ƙwallo?

Tambaya: Salam Malam, yarona ɗan SS2 ya dawo da aikin gida na auna cikin ƙwallo, wai 4/3 πr³, sai mita yake wai Turawan zamani ne suka ƙirƙiro shi don su wahalar da yara. Don Allah daga ina abun nan ya samo asali? Maman Hanif, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumussalam Maman Hanif, ki faɗa masa abun ya girmi kakan kakansa nesa ba kusa ba. Aikin wani Bagirke ne, Arkimidis na birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda aka kashe a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya gano cewa in kika zura ƙwallo cikin gwangwanin da ya yi masa cif-cif a tsayi da faɗi, toh ƙwallon zai cinye kashi biyu cikin uku na cikinsa, cikin gwangwanin kuwa 2πr³ ne (r shi ne rabin faɗin ƙwallon), ki ce Hanif ya lissafa biyu bisa uku na wannan zai ga 4/3 ɗinsa ta fito da kanta ba sai ya yi hadda ba. Mutumin ya ji daɗin abun har ya bar wasiyya a sa ƙwallo da gwangwani kan kabarinsa, kuma da alamar nan Sisero, wani ɗan siyasar Rum, ya gane kabarin a shekara ta 75 kafin haihuwar Annabi Isa, duk ƙaya ta rufe shi.

Malaman Musulunci ma sun ci gumi a nan, don duniya mulmulalliya ce, ba ta shimfiɗuwa a takarda balle ka ja layi da rula ka ce ga alƙibla. Wajen shekara ta 830 Halifa Ma'amun ya tura masana cikin hamada su auno girman duniya, shi kuma Albiruni da aka haifa a 973 kan tsauni ya hau a Nandana, Pakistan ta yanzu, ya yi nasa awon, ni dai wannan ya fi burge ni.

In kin shiga kasuwar Taminus ki duba yanda masu lemo ke jera shi, kowane ɗaya ya zauna a ramin da ke tsakanin na ƙasa. Kepler, wani Bajamushe masanin taurari, ya ce a 1611 babu jerin ƙwallaye da ya fi wannan matsuwa, suna cike kusan kashi 74 cikin ɗari na wurin, amma hujja ta gagara har sai 1998 da Thomas Hales ya kawo ta da taimakon kwamfuta.