Ƙamshi Yana da Zaƙi Kuwa?

Wata Hajiya daga unguwar Zariya a Maraɗi ta aiko da tambaya: "Malam, mai shago ya nuna mini turare mai tsada, ya ce ƙamshinsa da zaƙi kamar 'ya'yan itace. Hausa ce wannan? Me zan ji in na saya?"

Hajiya, Hausa ce. Zaƙi na harshe ne a asali, amma Bahaushe ya daɗe yana ba da aronsa. Mukan ce zaƙin murya, mukan ce zaƙin baki. Tunda kunne ya samu rabo, ban ga dalilin hana hanci ba. Sai dai a bambanta: duk turaren kirki yana da daɗi, ba kowane ne mai zaƙi ba. Sandal da kajiji na turaren wuta daɗi gare su. Mai zaƙi shi ne wanda in kin shaƙa sai alewa ko nunannen mangwaro ya faɗo miki a rai.

Irin wannan turare hawa uku ne. Da an fesa, lemo da sauran 'ya'yan itacen ne ke tarbar hanci, su ne kuma ke fara gudu, cikin kamar rabin awa. Sai na furanni ya biyo. Abin da zai kwana a mayafinki shi ne na ƙasa: banila, almiski, ambar. A nan karin maganar nan ta zauna daram, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ki fesa a wuyan hannu, ki gama cefanenki a Babbar Kasuwa, ki sake shinshinawa kafin ki zaro kuɗi. Ki tuna da zafin Maraɗi kuma. A watan Afrilu, da rana ta haura digiri 40, zaƙin kan yi nauyi har ya hau kai, musamman in an haɗa da humra.

Wani kuma ya tambaya ko "araha ba ta ado" na nufin mai tsada ne kaɗai mai kyau. A'a, gargaɗi ne kan kwaɗayin sauƙi, ba ta yi wa tsada alkawarin komai ba. Ban da lemo, wanda ake tatsar mai daga ɓawonsa, yawancin ƙamshin 'ya'yan itacen nan haɗin sinadarai ne, ko a kwalbar jikka biyu ko a ta jikka ɗari. Ki duba rubutun kwalbar: Eau de Parfum ya fi Eau de Toilette yawan mai, ya kuma fi jimawa a jiki.