Filin Motoci: In Sayi Sabuwar Ƙirar Motar Gudu a Shekararta ta Farko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Katsina, na daɗe ina da burin mallakar motar gudu mai ƙofa biyu. Wadda nake so an sake mata ƙira gaba ɗaya, kuma mai shigo mini da motoci daga Amurka ya ce zai samo mini ta shekarar farko. Wasu abokaina sun ce in saya tun ba ta yawaita ba, wasu sun ce in dakata. Wace shawara za ku ba ni? Daga mai karatu a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawararmu ita ce ka dakata shekara ɗaya ko biyu, sai fa idan motar ta cika sharuɗɗan da za mu faɗa a ƙasa.

Kowane kamfani yana gwada mota kafin ya fitar da ita, amma motocin gwaji ƙalilan ne. Sai ta shiga hannun dubban mutane, kowa da irin tuƙinsa da irin yanayin garinsa, sannan lahanin da ya ɓuya yake bayyana. A motar gudu abin ya fi tsanani, domin injinta yana juyawa da ƙarfi, yana ɗaukar zafi, kuma idan aka sha kwana a guje baƙin mai yakan koma gefe guda a cikin kaskonsa. Ƙaramin kuskuren da motar gida za ta jure shekara goma, wannan sai ya kashe mata injin cikin watanni.

Ba ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke shafa ba. A 2014 Porsche ta umarci masu sabuwar 911 GT3 su daina hawanta bayan guda biyu sun kama wuta, daga bisani ta canja injin motoci 785 gaba ɗaya saboda wani noti na konrod, wato sandar da ke riƙe da fistan a cikin inji, da ke kwancewa. A 2010 Ferrari ta kira 458 Italia sama da 1,200 su dawo, don gam ɗin da aka liƙa a cikin gurbin tayar baya yana narkewa da zafin salansa har ya kama wuta. Corvette ta 2020, wadda ita ce ta farko da aka mayar wa injin bayan direba, an kira ta gyara saboda murfin gaba yana iya buɗewa ana cikin tafiya. Waɗanda suka fi kusa da aljihun mutanenmu ma ba su tsira ba. Toyota 86 da tagwayenta Subaru BRZ da Scion FR-S na 2013 sai a 2018 aka kira su don canja sifirin na bawul da ke iya karyewa. Da sabuwar Toyota GR86 ta 2022 ta fito da injin lita 2.4, masu ita da dama sun buɗe kaskon baƙin mai suka tarar da gutsattsarin gam sun taru a rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta.

Wani lokacin kuma ba lahani ba ne, asara ce kawai. Toyota Supra ta 2020 ta zo da ƙarfin doki 335. Shekara ɗaya tak bayan haka, ta 2021 ta fito da 382, kuma sai a ta 2023 aka samar da mai giyar hannu. Wanda ya yi haƙurin wata goma sha biyu ya sami motar da ta fi.

Amma ga abin da ya fi damunmu game da kai. Mutanen da kamfani ya kira motocinsu kyauta aka yi musu gyara, saboda suna zaune kusa da dilan kamfanin. Motar da aka sayar a kasuwar Amurka, galibi garantinta a can ya tsaya, kuma gyaran da kamfani ya kira mota dominsa a wurin dilansa ake yi. Da zarar ta sauka a Legas ta kamo hanyar Katsina, duk wani kuskuren masana'anta ya zama naka, daga aljihunka za ka biya. Mai GT3 a Jamus ya sami sabon injin ba ko sisi. A nan injin irin wannan sai ya kai kuɗin wata motar.

Sannan kayan gyara. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da ta Ladipo a Legas suna cika ne da kayan motocin da aka farfasa a ƙasashen waje, kuma sabuwar ƙira tana ɗaukar shekaru kafin irinta su yi yawa a wuraren farfasawa. Idan ɗan acaɓa ya goge maka fitilar gaba, ko dutse ya tsaga gilashi a hanyar Kankia, oda za ka yi ka jira makonni. Gilashin ma idan mai kyamara ne, bayan an saka sai an daidaita ta da kwamfuta. Na'urar binciken da ke hannun yawancin masu wayarin ɗinmu kuwa ba lallai ta iya karanta birenbos, wato kwamfutar injin, na sabuwar ƙira ba sai an sabunta mata manhaja. Bakanike nagari ma sai ya koma lalube, kuma a kan motarka zai koya.

Ƙara da yanayinmu. Waɗannan injuna an tsara su ne a kan fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ake sayarwa a gidajen mai. Idan man bai kai ba, injin yakan fara ƙwanƙwasa, birenbos ya rage masa ƙarfi don ya kare shi, kuma a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 injin mai tobo, wato na'urar da ke tura masa ƙarin iska, ya fi shan wahala. Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska da wuri. Tsakanin cikin GR86 da ƙasa santimita 13 ne kacal, don haka tudun rage gudu na cikin unguwa da ramukan damina suna iya taɓa mata ƙasa. Injin da ya daɗe a kasuwa an san yadda yake jure duk wannan, sabo kuwa ba a sani ba tukuna.

Ba kowace “sabuwa” ce sabuwa ba, kuma nan ne za ka iya samun sauƙi. Ka tambayi abu uku: injin, giyabos, da tsarin lantarki, wanne ne aka taɓa amfani da shi a wata mota? Nissan Z ta 2023 sabon bodi gare ta, amma injinta mai tobo biyu ya yi aiki a Infiniti Q50 tun 2016. Injin Supra mai silinda shida na BMW ne, wanda ke cikin motocinsu tun 2015. Irin wannan haɗarinta ya ragu sosai. Idan ukun duka sababbi ne, kada ka kusance ta a shekarar farko.

Idan duk da haka ranka ya kafe, ga abin da za ka sa wakilinka ya yi tun motar tana can. Ya turo maka lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Na goma a jere shi ne shekarar ƙira: N ita ce 2022, P 2023, R 2024, S 2025. Ya ɗauko hoton takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, wadda ke nuna wata da shekarar da aka haɗa motar, ka zaɓi wadda aka haɗa can ƙarshen shekarar, domin kamfanoni sukan gyara ƙananan kurakurai ana cikin ƙerawa. Ka saka lambar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran motoci ta Amurka, kyauta ne, zai nuna ko akwai kiran gyaran da ba a yi ba. In akwai, a kai ta dila a yi shi kafin a loda ta a jirgi, har da sabunta manhajar injin da ta giya. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa don gudun jinkiri. Ka nemi rahoton Carfax, wanda ke nuna tarihin motar, ka guji wadda ta yi mummunan hatsari ko ambaliya ta shanye, ko da farashinta ya yi daɗi.

A kwantena ɗaya da motar a haɗo maka filtar baƙin mai guda shida, ta iska huɗu, fulogi saiti ɗaya, birki na gaba da na baya saiti bibbiyu, da baƙin man da littafinta ya ambata na canji uku. A ƙara taya ɗaya da rim ɗinta, don da yawansu ba sa zuwa da safaya. A nan gida ka riƙa juye mai duk kilomita 5,000, ka duba ma'auninsa duk sati, kuma ka tsaya a gidan mai guda da ka amince da shi.

Tambaya: Salam. To shekarar ƙarshe ta tsohuwar ƙira fa, ba a bar mutum a baya ba? Daga wani matashi a Daura.

Amsa: Wa alaikas salam, ɗan'uwa. A wurinmu ita ce ta fi dacewa da mai zama a Daura. An riga an gano lahaninta an gyara, kayanta sun iso Kano, makanikai sun saba da ita, kuma farashinta yakan sauka idan sabuwa ta fito. Ko a cikin ƙira ɗaya na baya-bayan sun fi: Mazda MX-5 ta 2016 dokinta 155 ne, ta 2019 kuma 181. Abin da za ka bincika shi ne yadda mai ita na farko ya riƙe ta. Ka sa a duba kulochi, a ga ko tayoyin baya sun cinye fiye da na gaba, a kuma tabbatar ba a taɓa birenbos ɗin don ƙara mata gudu ba.