Security+ ko CISSP: wacce zan fara, kuma me zan saya?

Tambaya: Shekarata biyu ina aikin kula da kwamfutoci da hanyoyin sadarwa a wani kamfani. Ina son komawa ɓangaren tsaron bayanai, abokan aiki kuma sun ce a cikin jarrabawar shaidar ƙwarewa ta wannan fanni, CISSP ce mai daraja. In tunkare ta kai tsaye?

Amsa: Ka dakata tukuna. Ƙungiyar ISC2 da ke ba da CISSP tana neman shekara biyar ta aiki a aƙalla biyu daga cikin fannoninta takwas, digiri kuma shekara ɗaya kawai yake ragewa. Ba a hana ka zama jarrabawar ba, amma ko ka ci, matsayin Associate za a ba ka, wato wanda ya ci jarrabawa amma bai cika shekarun aiki ba, da wa'adin shekara shida na cika sharaɗin. Ga shi kuma tambayoyinta na mai yanke shawara ne: amsoshi biyu na iya zama daidai a fasaha, a ce ka zaɓi wadda manaja zai fara da ita. Tambaya 100 zuwa 150 ce cikin awa uku, wadda ka amsa kuwa ta wuce, babu komawa baya.

Jarrabawar Security+ ta ƙungiyar CompTIA ce daidai da kai. Tambayoyinta ba sa wuce 90, lokacinta minti 90, makin ci 750 ne a ma'aunin da ya tsaya a 900. Kaso mafi tsoka, 28 cikin ɗari, na ayyukan tsaro ne na yau da kullum, kamar karanta rajistar abin da ya faru a na'ura da matakan tunkarar kutse. Aikinka ya riga ya share maka rabin hanya. Shaidar tana aiki shekara uku kafin a sabunta.

Tambaya daga wata mai karatu: Na samu tsohon littafin Security+ da araha, wani kuma yana tallar fayil wai na ainihin tambayoyin jarrabawar. In saya?

Amsa: Malama, fara duba lambar da ke bangon littafin, ita ke nuna zubin jarrabawar da aka rubuta shi dominsa. SY0-701 ta fito a Nuwamban 2023, an daina SY0-601 a ƙarshen Yulin 2024. In 601 kika gani, bar shi, domin an sake rabon darussan. Ki sauke jerin manufofin jarrabawar daga shafin CompTIA, kyauta ne, can ma za ki ga lambar da ke ci yanzu. Ki bi shi layi-layi, duk abin da ba za ki iya yi wa wani bayaninsa da baki ba, ki sa masa alama.

Fayil ɗin kuwa, ki nisance shi. Tambayoyin sata ne, kuma kafin a fara jarrabawa sai kin amince da yarjejeniyar da ta haramta su. In aka gano, ana iya soke shaidar. Ban da haka, amsoshin cikinsa kan zo da kurakurai, sai mutum ya haddace kuskure yana murna. Kuɗin nan gara ki sa shi a gwajin atisaye na halal mai bayyana dalilin kowace amsa. Tikitin jarrabawa shi ne sayayyar ƙarshe, saboda yana da ranar ƙarewa. Sai kin ga kina wuce 80 cikin ɗari a gwajin da ba ki taɓa gani ba, sannan ki biya.

Tambaya: Dole ne in sayi sabuwar kwamfuta don atisaye?

Amsa: Ba dole ba. Mai RAM gigabait 8 za ta ɗauki na'urorin gwaji biyu a VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutocin kwaikwayo a cikin taka, 16 ta fi sakewa, kuma sau da yawa ƙara RAM ya isa. Ka girka Kali Linux, tsarin aiki mai ɗauke da kayan gwajin tsaro, a ɗaya, ɗayar ta zama abin hari, ka killace su a hanyar cikin gida da ba ta fita intanet, don laluben na'urar wani ba da izini ba laifi ne. Ka binciki ƙofofin sadarwa na na'urar da manhajar Nmap, ka kalli zirga-zirgar bayanai da manhajar Wireshark, har lambobin ƙofofi irin su 22, 53, 443 da 3389 su zauna maka ba da hadda ba.

Amfanin wannan yana fitowa a tambayoyin aikin hannu, irin su tsara dokokin katangar tsaro (firewall) mai tace abin da ke shiga da fita a hanyar sadarwa, waɗanda galibi su ke fara zuwa. Suna cin lokaci sosai. Ka yi musu alama ka wuce, ka gama na zaɓi, sannan ka dawo kansu da sauran mintunanka.